Jijjigar Masu Juna Biyu: Rikicin Da Ke Farawa A Jijiyoyin Jini Tun Ciki Bai Fito Ba

Garin Paikon Kore, da ke Ƙaramar Hukumar Gwagwalada a Babban Birnin Tarayya, ba ya cikin garuruwan da za a kira lungu. Yana kan hanyar da ta tashi daga Gwagwalada ta nufi Dobi, an san shi da makiyayar da gwamnati ta keɓe wa masu kiwo, kuma a 'yan shekarun nan an shimfiɗa titi mai tsawon kilomita 9 daga garin zuwa Ibwa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja yana cikin Gwagwalada, tafiyar da ba ta da yawa. Idan mai ciki ta yanke jiki ta faɗi tana jijjiga da tsakar dare a wannan yanki, muddin an samu mota ko babur, ana iya kai ta gaban ƙwararren likita kafin gari ya waye. Dubban garuruwa a Arewa za su yi fatan samun irin wannan kusanci.

Sai dai ciwon da ya kayar da ita a wannan dare ya soma ne wata biyar ko shida kafin nan, a lokacin da watakila ko surukarta ba ta san tana da ciki ba. A can cikin ƙananan jijiyoyin jinin da ke shayar da mahaifa ya fara, kuma a wannan lokaci ne kaɗai ƙwayar magani mai arha ke iya rage haɗarinsa. Titi da babban asibiti suna ceton rai bayan al'amari ya ɓaci. Watannin da suka gabaci daren kuwa suna hannun ƙaramin asibitin gari, da mai kemis, da mijin da zai ba da izinin zuwa awo, kuma a nan ne tsarin lafiyar ƙasar nan ya fi rauni.

Alƙaluman da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2025 sun ƙiyasta cewa mata kusan 260,000 suka rasu a duniya a shekarar 2023 sanadiyyar ciki ko haihuwa, kuma kimanin 75,000 daga cikinsu 'yan Najeriya ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Zubar jini bayan haihuwa da hawan jinin masu juna biyu su ne kan gaba. Wani bincike da aka gudanar a manyan asibitocin gwamnati 42 a faɗin ƙasar nan tsakanin 2012 da 2013 ya ƙirga mutuwar mata 998, ya kuma gano cewa a waɗannan asibitoci hawan jini ya fi zubar jini kisa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne waɗannan masifu biyu suna haɗuwa a kan dangin sinadari guda da jiki ke sarrafawa da kansa, wanda masana ke kira furostagilandin.

Sunan kansa kuskure ne da ya zauna. Masanin ƙasar Suwidin, Ulf von Euler, ya gano sinadarin a cikin maniyyi a tsakiyar shekarun 1930, ya zaci daga furostet yake fitowa, wato ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, sai ya raɗa masa suna daga can. Daga baya aka fahimci kusan kowane sashe na jiki yana yin sa, kuma ba abu ɗaya ba ne, dangi ne mai rassa. Jiki yana ƙera su daga wani nau'in kitse da ke jikin bangon ƙwayoyin halitta, suna aiki a wurin da aka yi su, sannan su lalace cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci. Su ne ke kawo zazzaɓi da raɗaɗin kumburi, su ke murɗa mara lokacin al'ada, su ke tausasa bakin mahaifa idan naƙuda ta zo. Afirka ma tana da hannu a wannan tarihi, domin a Jami'ar Makerere da ke Yuganda ne Sultan Karim ya yi amfani da furostagilandin wajen tayar da naƙuda a 1968. A 1982 aka ba Sune Bergström da Bengt Samuelsson da John Vane lambar yabo ta Nobel saboda aikinsu a wannan fage.

Biyu daga cikin 'yan wannan dangi su ne suka fi shafar mai ciki, kuma kishiyoyin juna ne. Na farko, turomboksen, wanda Samuelsson da abokan aikinsa suka bayyana a 1975, yana fitowa ne daga ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Aikinsa ya tsuke jijiya ya tara waɗannan ƙwayoyi su manne da juna, abin da ke hana mutum zubar da jininsa duka idan ya yanke. Na biyu, furostasaikilin, wanda ɗakin binciken Vane ya gano a 1976, shimfiɗar cikin jijiyar jini ce ke yin sa. Shi kuma yana saki jijiya ta buɗe, ya hana jini yin gudaji. Lafiyar jijiya tana tsakanin waɗannan biyu, kamar ragama a hannun mahayi, a ja a saki gwargwadon buƙata.

Ciki yana ɗora wa jikin mace nauyin da ba shi da na biyu. Jininta yana ƙaruwa da kusan rabin abin da take da shi, amma duk da haka awon hawan jininta yakan sauka a tsakiyar ciki, saboda jijiyoyinta sun saki. Ƙaruwar furostasaikilin na daga cikin dalilan wannan sakin. A lokaci guda, a watannin farko, ƙwayoyin mabiyiya suna kutsawa cikin bangon mahaifa, su cinye tsokar da ke kewaye da ƙananan jijiyoyin da ke wurin, su mayar da su manyan magudanai masu faɗi waɗanda ba sa iya tsukewa. Da haka ne jinin da ke zuwa mahaifa yake haura rabin lita a kowane minti ɗaya a ƙarshen ciki. Manomin rani a gefen Gurara ko Kadawa zai gane misalin nan take: kafin shuka ta girma dole a yashe magudanar ruwa a faɗaɗa ta, in ba haka ba ranar da shuka ta fi buƙatar ruwa ranar ce za ta yi yaushi.

A wasu mata wannan aikin faɗaɗawa ba ya kammala. Jijiyoyin sun zauna a tsuke, mabiyiya ba ta samun isasshen jini, sai ta shiga sakin abubuwa cikin jinin uwa waɗanda ke lalata shimfiɗar jijiyoyinta a ko'ina. Tun a 1973 Norman Gant da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa matan da za su kamu da wannan ciwo jijiyoyinsu suna soma saurin tsukewa makonni kafin hawan jini ya bayyana a na'ura. A 1985 Scott Walsh ya nuna cewa mabiyiyar irin waɗannan mata tana yin turomboksen fiye da kima, furostasaikilin kuma ƙasa da kima. An ja ragama an ƙi saki. Sakamakon shi ne abin da likitoci ke kira firi-ekilamsiya, wato sharar fagen jijjiga: awon jini ya kai 140 bisa 90 ko ya haura bayan mako 20 na ciki, furotin ya zubo cikin fitsari saboda matatar ƙoda ta lalace, ruwa ya tsiyaye cikin tsoka fuska da hannuwa su kumbura. Idan abin ya yi tsanani hanta ta taɓu, mace ta ji ciwo a saman cikinta ƙarƙashin haƙarƙari, kai ya riƙa sara, ido ya riƙa ganin walƙiya ko duhu. Idan ya kai ga ƙwaƙwalwa sai jijjiga, da taune harshe, wani lokaci da fashewar jijiya a ka. Ɗan da ke ciki shi ma yana shan nasa: ya ƙi girma, ko mabiyiya ta ɓanɓaro kafin lokaci, ko a tilasta fito da shi bakwaini domin a ceci uwar.

Gaskiya ce cewa furostagilandin ba shi ne labarin duka ba. Daga 2003 masana sun gano wasu sinadarai na daban da mabiyiya ke saki, waɗanda a yau ake auna su a manyan asibitocin Turai don hasashen ciwon. Amma fahimtar rikicin turomboksen da furostasaikilin ita ce ta haifi makamin riga-kafi da talaka zai iya saya, wato asfirin.

Vane ne ya nuna a 1971 cewa asfirin yana aiki ta hanyar toshe masana'antar furostagilandin a jiki. Mai karatu na iya tambaya: in haka ne, ai zai toshe mai kyau da mara kyau baki ɗaya. Amsar tana cikin yawan abin da aka sha. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini ba su da cibiyar da za ta sake ƙera abin da asfirin ya lalata, saboda haka idan ya taɓa su sun daina yin turomboksen har ƙarshen rayuwarsu, kwana bakwai zuwa goma. Shimfiɗar jijiya kuwa tana da cibiya, tana sabunta kayan aikinta cikin sa'o'i ta ci gaba da yin furostasaikilin. Ɗan ƙaramin awo a kullum yana kwantar da mai tsukewa ya ƙyale mai buɗewa. Babban awo yana danne su duka biyun, ya ƙara da haɗarin zubar jini da gyambon ciki.

An ɗauki shekaru kafin a tabbatar da amfaninsa. Babban gwajin CLASP na 1994, wanda ya haɗa mata fiye da 9,000, bai ba da sakamakon da aka yi tsammani ba, har wasu likitoci suka yi sanyi. Daga baya aka lura cewa mata da yawa a gwaje-gwajen farko an fara ba su maganin a makare. A 2017 aka wallafa sakamakon gwajin ASPRE, inda aka ba matan da ke cikin haɗari miligiram 150 a kowane dare, daga mako 11 zuwa 14 na ciki har mako 36. Ciwon da ke tilasta haihuwa kafin lokaci ya sauka daga kashi 4.3 zuwa kashi 1.6 cikin ɗari. Wani gwajin da aka wallafa a 2020, a kan mata masu cikin fari kusan 12,000 a ƙasashe shida ciki har da Kenya da Zambiya da Kwango, ya nuna cewa miligiram 81 a kullum ya rage haihuwar bakwaini daga kashi 13.1 zuwa 11.6. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2021, ta ce a ba matan da ke cikin haɗari miligiram 75 a kullum, a fara kafin mako 20, ko da zarar mace ta fara awo.

Matan da ake nufi sanannu ne, kuma ba a buƙatar na'ura mai tsada kafin a gane yawancinsu. Wadda ta taɓa yin hawan jini ko jijjiga a wani cikin da ya gabata, da mai hawan jini tun kafin ciki, da mai ciwon suga ko na ƙoda, duk suna sahun gaba. Mai cikin fari, da mai ɗauke da tagwaye, da wadda ta haura shekara 40, da wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi ciwon, idan biyu daga cikin waɗannan suka haɗu a kan mace ɗaya ita ma ta shiga lissafi. Masu cutar sikila, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, su ma haɗarinsu ya fi na saura. Tambayoyi ne da ma'aikaciyar lafiya za ta gama cikin minti biyar, idan matar ta zo kan lokaci.

A nan gizo yake saƙar. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 18 cikin ɗari kaɗai na matan Najeriya ke fara awon ciki a watanni ukun farko. Kashi ɗaya cikin uku ba sa ganin ƙwararren ma'aikacin lafiya ko sau ɗaya. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ƙaramin ciki abin ɓoyewa ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, don kunya, don tsoron baki, don gudun a faɗa ya zube. Yarinya mai cikin fari, wadda ita ce ta fi zama cikin haɗari, ita ce kuma kunya ta fi ɗaure wa baki, ba za ta iya furtawa gaban uwar miji ba balle ta nemi kuɗin mota. Da yawa suna ganin ba a zuwa awo sai ciki ya yi motsi ko ya fito fili, wata biyar ko shida ke nan, lokacin da aikin faɗaɗa jijiyoyi ya riga ya wuce. Matan makiyaya da ke rugagen da ke kewaye da gari irin Paikon Kore suna da ƙarin nasu, na nisa da harshe da ƙaura. Ita ma al'adar goyon ciki, mai kyau ce ta fuskar kulawa, amma takan raba mace da asibitin da ya san tarihinta a daidai watannin da hawan jini ke tasowa, ta koma gidan iyayenta ba tare da katin awonta ba.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan al'ada. A 2025 yajin aikin ma'aikatan ƙananan hukumomin Abuja kan batun mafi ƙarancin albashi ya rufe ƙananan asibitocin gwamnati tsawon watanni. A lissafin albashi, wannan bashi ne da za a iya biya daga baya. Matar da cikinta ke da mako 10 ranar da aka rufe ƙofa kuwa ta haura mako 20 kafin a buɗe, kuma babu wata yarjejeniya da za ta dawo mata da waɗannan makonni. Ko a ranakun da ƙofa ke buɗe, awon da babu na'urar gwada hawan jini mai aiki, babu tsinken gwajin fitsari, awo ne na suna kawai.

Akwai kuma wani ɓangare na wannan ilimi da ya kamata ya isa kunnen kowane mai kemis. Tunda aka fara yaɗa cewa asfirin yana kare mai ciki, haɗarin shi ne a ɗauka kowane asfirin ne. Ƙwayar da aka saba sha don ciwon kai miligiram 300 ce, ninki huɗu na awon riga-kafi. Hodar Alabukun da ake samu a kowane teburin mai kaya tana ɗauke da miligiram 760 a ƙunshi ɗaya, ninki goma ke nan. An yi su ne domin wata buƙata daban. Haka nan magungunan ciwon baya da na gaɓoɓi irin su ibufurofen da daikulofenak, waɗanda mai ciki kan nema idan ƙugu ya dame ta, su ma masana'antar furostagilandin suke toshewa, kuma suna ratsawa zuwa ga ɗan tayi. Jaririn da ke ciki yana da wata 'yar jijiya da ke karkatar da jininsa daga huhu, tunda bai fara numfashi ba, kuma furostagilandin ne ke riƙe ta a buɗe har a haife shi. Waɗannan magunguna na iya rufe ta kafin lokaci, su kuma rage aikin ƙodarsa har ruwan da yake kwance a ciki ya ragu. A watan Oktoban 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin a guje su daga mako 20 na ciki, ta kuma ware ƙaramin awon asfirin da likita ya rubuta daga wannan gargaɗi. Abu mafi muni shi ne mai ciki ta sha su don ciwon kan da shi kansa alamar hawan jini ne, ciwon ya lafa na 'yan sa'o'i, a ɓata lokacin da ya kamata a ce tana asibiti.

Asfirin ba ya warkar da ciwon idan ya riga ya kama. Daga nan sai magungunan sauke hawan jini, da allurar magnesiyam salfet mai hana jijjiga, da fito da jariri da mabiyiya a lokacin da ya dace, domin mabiyiya ce tushen matsalar. Jihar Kano ta taɓa nuna wa ƙasar nan abin da ake iya yi. A 2008 aka shigar da magnesiyam salfet a manyan asibitocin jihar guda 10 tare da horar da ma'aikata, kuma rahoton da Farfesa Jamilu Tukur da abokan aikinsa suka wallafa ya nuna cewa mutuwar masu wannan ciwo ta sauka daga kashi 20.9 zuwa kashi 2.3 cikin ɗari. Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba. Gwajin Magpie ya riga ya tabbatar tun 2002 cewa allurar tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. An dai kai ta wurin da mata ke mutuwa, aka koya wa ma'aikata yadda ake yin ta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙaramin asibitin da ba zai iya kammala jinya ba ya yi allurar farko sannan ya tura mara lafiya gaba. Ga gari irin Paikon Kore, wannan allura ta farko ita ce ke ba sabon titi ma'anarsa, domin matar da aka ɗora a mota tana jijjiga ba tare da ita ba na iya isa Gwagwalada a lokacin da likita ba shi da sauran abin yi.

Yana da kyau a tuna cewa haɗarin ba ya ƙarewa da kukan jariri. Jijjiga na iya zuwa kwanaki bayan haihuwa, a tsakiyar shirin suna. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego a yankin da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Kanwa gishiri ce, kuma mai jegon da ta yi hawan jini a cikinta ba ta da bukatar ƙarin gishiri.

Ɗaya fuskar furostagilandin tana bayyana ne a mintocin da ke bin haihuwa. Waɗannan jijiyoyi da aka faɗaɗa, aka cire musu tsokar tsukewa, suna nan a buɗe idan mabiyiya ta fita. Abin da ke rufe su shi ne mahaifa ta dunƙule ta matse su. Idan ta yi sanyi, jinin da ke kwarara rabin lita a minti zai iya ƙarar da mace cikin ɗan lokaci. Allurar oksitosin ita ce zaɓin farko, amma tana son sanyin firji, abin da wutar lantarkinmu ba ta lamunce ba. Misofurostol, wanda kwaikwayon furostagilandin ne da aka fara yi don gyambon ciki, ƙwaya ce da ba ta buƙatar firji ko sirinji. Najeriya ta yi masa rajista don zubar jini bayan haihuwa a 2006, tana cikin na farko a duniya. A 2009 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello suka gwada raba shi ta hannun ungozomomi da amintattun mutanen gari a wasu garuruwa biyar da ke kewayen Zariya, kuma a 2013 Jihar Sakkwato ta ɗauki rabon a matsayin shirin gwamnati. Ga mai hawan jini muhimmancinsa ya ninka, domin agometirin, tsohuwar allurar tsayar da jini, tana tsuke jijiyoyi, an hana yi wa mai hawan jini ita.

Shi ma yana da kaifi biyu. Idan aka ba mace awon da ake bayarwa bayan haihuwa alhali jariri yana ciki, don a gaggauta naƙuda, mahaifa na iya fashewa. Ga kuma matsalar inganci: wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda aka yi tare da hukumar NAFDAC, ya gano cewa kashi 74 na samfuran oksitosin da kusan kashi 34 na misofurostol da aka tattara a Najeriya ba su cika ƙa'ida ba. Danshi yana kashe misofurostol, shi ya sa ake son wanda aka rufe da gwangwanin alminiyam gaba da baya, kuma ba a ɓare shi sai lokacin sha. Gwajin E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, ya nuna a asibitoci 80 na ƙasashen Afirka huɗu cewa auna jinin da ya zuba da leda mai ma'auni, tare da ba da dukkan matakan jinya a lokaci guda, ya rage mummunan sakamako da kashi 60 cikin ɗari.

A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ƙaddamar da shirin MAMII mai nufin rage mutuwar mata da jarirai a ƙananan hukumomi 172 da abin ya fi ƙamari, tare da sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu rauni. Mataki ne da ya cancanci yabo, domin kuɗin tiyata ya sa iyalai da dama sun tsaya shawara a bakin asibiti har lokaci ya ƙure. Amma tiyata ƙarshen hanya ce. Ma'aunin da ya kamata a riƙa tambayar shugabannin ƙananan hukumomi da hukumomin lafiya a matakin farko shi ne mata nawa suka fara awo kafin mako 16, nawa aka tambaya tarihin cikinsu na baya, nawa daga cikin masu haɗari suka koma gida da asfirin mai miligiram 75 da bayanin yadda za su sha shi. Waɗannan alƙaluma ba sa ɗaukar hoto kamar yanke kintinkirin sabon gini, shi ya sa ba kasafai ake jin su a jawabi ba. Asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, an kafa shi ne domin irin waɗannan ƙananan kayayyaki: batirin na'urar awon jini, tsinken gwajin fitsari, asfirin, ƙwayar kalsiyam da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba masu ciki a wuraren da abinci ba ya wadatar da shi, da magnesiyam salfet da ba ta wuce wa'adinta ba.

Saura kuma aikin da kuɗi ba ya yi. Limamai da fastoci, da sarakunan gargajiya da arɗo-arɗon rugage, su ne za su iya gaya wa maza cewa zuwa awo a wata na biyu ko na uku bai saɓa wa kunya ba, tunda ma'aikaciyar lafiya ba shela za ta yi ba. Ungozoma da uwar miji su ne za su fara ganin fuskar da ta kumbura da zoben da ya ƙi fita daga yatsa, kuma su ne ke yanke hukuncin ko a ce alamar tagwaye ce, ko iska ce a nemo turare, ko a tafi a gwada jini a ranar. Addu'a da tofi ba sa hana a yi su a cikin mota ana tafiya. Ranar 22 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar da duniya ta keɓe don wayar da kai kan wannan ciwo, kuma matar da za ta haihu a Paikon Kore a ƙarshen Nuwamba, a wannan rana cikinta yana wajen mako 12 zuwa 13, daidai lokacin da ya kamata a rubuta sunanta a littafin awo a yi mata waɗancan tambayoyi na minti biyar.